Daren da Muka Kwana a Fadamar Haɗeja

Mutane da yawa su kan ce sanyin ƙasarmu ba ya kisa, iyakarsa ya fasa leɓe ya kawo kaushi. Mu ma haka mu ke cewa a dā. A aji mu kan ba yara labarin ƙasashen Turai, inda dusar ƙanƙara ta ke rufe duwatsu, mutane su ɗaura katako a ƙafa su yi ta wasan zamiya, wani lokaci kuwa hanya ta ɓace musu, sanyi ya gama da su kafin a kai gare su. Yara su kan riƙe baki, mu kuma mu ce, "Ku gode Allah, wannan ba a ƙasarmu ba ne."

To, a hutun Kirsimeti mu malamai biyu muka kai 'yan makarantarmu shida kallon tsuntsaye a fadamar Haɗeja. Muka kwana a tsakiyar ruwa ba shiri, ɗaya daga cikin yaran kuwa ya sha da ƙyar. Mun ga ya kamata mu ba ku labarin yadda abin ya faru, har da kuskuren da mu manya muka yi, domin iyaye da samari su amfana.

Ƙasar ruwa a bakin hamada

Haɗeja tsohon birni ne mai sarauta. A nan ne mutanen gari suka tsaya suka yi yaƙi da Turawa a 1906, har Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. A dā tana cikin Jihar Kano, amma tun 1991 tana cikin Jihar Jigawa. Baƙon da ya sauka zai fara jin ƙanshin bandar kifi, ya ga buhunan shinkafa da tattasai, tun bai ga kogin da ido ba.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya ke tasowa, inda Kogin Kano da Kogin Calawa suka haɗu. Sa'ad da ya wuce birnin Haɗeja ya nufi gabas, sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, ya rarrabu kashi kashi. Wani reshe ya bi ta Marma ya zuba a tabkin Nguru, wani kuma ya ci gaba har ya sadu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tabkin Cadi. Tsakanin waɗannan rassa akwai tabkuna da ƙoramu da tsibirai ba iyaka. Manomi ya shuka shinkafa da damina, masunci ya bi ruwa sa'ad da ya fara janyewa, Bafillace ya kawo shanu da rani. Wannan ruwa mai ciyar da jama'a shi ne kuma ya kan cinye gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022.

Da hunturu baƙi su kan zo daga nesa. Agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa su kan gudo daga sanyin Turai, su ƙetare teku da hamada, su sauka a nan dubu dubai. Saboda su ne duniya ta san wannan wuri. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona, can wajen ƙasar Bade, domin ya gan su. Akwai kuma wata yarjejeniya ta kiyaye fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa tabkin Nguru da Marma cikinta a 2000, aka sa fadamar Baturiya a 2008. Wajen Baturiyan nan, cikin ƙasar Kirikasamma, muka nufa.

Akwai abu guda da ya kamata mai shiga wannan fadama ya sani, watau kacala. Ciyawa ce ta ruwa, ta fi mutum tsawo nesa, tana da kauri kamar shinge. Dattawa sun ce a dā ba ta da yawa, gama kogi ya kan cika da damina ya ƙafe da rani, ita kuma ta mutu. Bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya zama yana gudu kaɗan kaɗan duk shekara, laka ta kwanta, kacala ta sami wurin zama. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta su kan sare ta su buɗe 'yan lunguna, amma ga idon baƙo kowane lungu kamar ɗan'uwansa ya ke.

Yadda muka shiga

Hunturu shi ne lokacin wasanni a ƙasar Hausa. An gama girbi, rumbu ya cika, makaranta ta yi hutu. Samari su fita farauta, a yi su a tabkuna, a yi kokawa da dambe a dandali. Shi ne kuma lokacin da iska ta ke tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta baza mana. Da rana sai ka tuɓe rigar sanyi, amma da dare a watan Disamba da Janairu ma'aunin zafi ya kan sauka kusa da digiri 10 a wannan yanki. Mun san wannan duka, mun ma sha rubuta shi a allo. Duk da haka muka fita da 'yan riguna marasa kauri, gama a ganinmu kafin la'asar mun dawo.

Mun isa wani ƙauye a bakin ruwa da hantsi. Abu na fari da muka yi, shi ne kuma abu mafi kyau da muka yi ran nan, muka je gaida mai unguwa. Ya tambaye mu ko mu nawa ne, ina muka nufa, yaushe za mu komo. Muka faɗa masa. Ya haɗa mu da wani dattijo masunci da ɗansa, kowanne da kwalekwalensa. Malami guda da yara uku suka shiga na dattijon, sauran muka shiga na ɗan.

Muka ga Baba, haka muka riƙa kiransa, yana sa bargo da 'yar tukunya da wani ƙunshi a gindin jirgi. Wani yaro ya ce, "Baba, ƙaura za ka yi?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mai shiga ruwa ya san lokacin shigarsa, bai san lokacin fitarsa ba."

Gani ya kori ji. Da muka fita daga lungun kacala muka faɗa wani babban tabki, sai ga ruwa ya yi baƙi da tsuntsaye. Ga kirinjijiya tana ta fito, ga dinya mai girma kamar tunkiya, ga zalɓe tsaye da ƙafa guda, ga balbela fari fat a kan giyayya. Baba ya nuna mana baƙin Turai, ƙananan agwagi masu farin zane a gira, ya ce ba sa nan da damina. A gefe guda masunta suna kwance a kan manyan goruna, suna iyo a hankali suna duba tarkonsu. Yara suka cika littattafansu da zane. Muka ci abinci a wani tudu, aka yi tseren kwalekwale sau biyu, dariya har da hawaye.

Rabin sa'a

Bayan azahar Baba ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, "Malam, rana ta yi fari, iska kuma ta ƙaru. Mu kama hanya."

Yara suka ce sun ji labari da yamma ne tsuntsaye su ke tashi gaba ɗaya, suna so su gani. Mu ma muna so. Muka ce, "Baba, don Allah a ƙara mana rabin sa'a." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ku ne baƙi." Rabin sa'an nan ya zama sa'a guda da rabi. Wannan shi ne kuskurenmu na fari: mai wuri ya yi magana, muka sa kunyar baƙunci ta rufe masa baki.

Kafin mu juya hazo ya sauko. Rana ta zama kamar farin faifai, daga baya ta ɓace sarai. Itatuwan goruba da Baba ya ke kama hanya da su duk suka nutse cikin ƙura. Muka shiga wani lungu, muka tarar iska ta turo tarin ciyawa ta rufe shi. Muka komo muka shiga wani, shi ma ya ƙare. A na uku ne ƙaramin cikinmu, yaro ɗan shekara 12, ya miƙe tsaye cikin jirgi wai zai hango hanya. Jirgi ya karkata, sai ji muka yi tsundum.

Wurin ya fi tsawon mutum. Wani babban yaro ya yunƙura zai faɗa ya cece shi, ɗan Baba ya daka masa tsawa ya ce kowa ya zauna. Ya miƙa gwangwalar tuƙi, yaron ya kama, ya jawo shi ta bayan jirgi, gama in ta gefe ne da dukanmu mun kife. Muka yi ta murna, muka ce an tsira. Muka bar shi da jiƙaƙƙun tufafi cikin iska kusan sa'a guda muna ta neman hanya. Wannan shi ne kuskurenmu na biyu, ya kuwa fi na farin muni.

Wajen ƙarfe shida duhu ya fara. Muka ce wa Baba a ƙara gwada lungu ɗaya. Wannan karo bai ji kunyarmu ba. Ya ce, "Malam, ɗazu na bi maganarku, yanzu ku bi tawa. Wanda ya ɓata da rana, in ya ci gaba da dare ƙara ɓata zai yi. Ga tudu can, a nan za mu kwana."

Abin da sanyi ya ke yi wa jiki

Da muka sauka a tudun muka haska yaron da tocila, sai gabanmu ya faɗi. Yana rawar ɗari har haƙora suna kaɗawa, leɓensa ya yi toka toka, ya kasa kwance maɓallin rigarsa, yana tafiya yana tangaɗi. Shi ne gwanin lissafi a ajinsu. Ɗayanmu ya ce masa, "Bakwai sau takwas nawa ne?" Ya daɗe yana kallonmu, ya faɗi abin da ba shi ba, maganar kuma da nauyi kamar ta mai barci.

Allah ya sa ɗayanmu ya taɓa yin kos na agajin farko, ya gane abin da ke faruwa. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, sanyi ya fara cin ƙarfin jiki ke nan. Ba sai da ƙanƙara wannan ya ke faruwa ba. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen sau 25, jiƙaƙƙiyar riga kuwa cikin iskar hunturu kamar randa ta ke, tana sanyaya abin da ke ciki. Yara ƙanana da tsofaffi da masu jin yunwa su ne ya kan fara kamawa. Da fari mutum ya yi rawar ɗari, sa'an nan hannu ya ƙi aiki, magana ta harɗe, hankali ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa. In rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, to, ba sauƙi ba ne, abin ya kai ga hatsari.

Ga abin da muka yi. Muka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya duka, muka tsane jikinsa da busasshen ƙyalle, muka sa masa rigar ɗayanmu da hular Baba. Yara suka tara busasshiyar ciyawa aka shimfiɗa da kauri, aka ɗora buhu a kai, gama ƙasa ma tana shan zafin jiki. Muka kwantar da shi a hankali, yara biyu suka kwanta suka sa shi a tsakiya, aka lulluɓe su ukun da bargon nan da aka yi wa dariya da safe. Wani yaro ya so ya murza masa ƙafafu da ƙarfi, muka hana. Ƙirji da ciki da wuya a ke fara ɗumamawa, ba hannu da ƙafa ba, gama murza su ya kan tura jini mai sanyi zuwa zuciya. Ba mu kuma kai shi dab da wuta ba, domin fatar da ta sandare ba ta jin ƙuna.

Ko ɗayanmu ba mai ashana. Baba ya ciro tasa daga cikin wani ɗan gwangwani naɗe da leda. Kafin ya ƙyasta ya sa aka share ciyawa kewaye da wurin har ƙasa ta fito, ya ce wutar hunturu in ta kubce, a tsibiri ba wurin gudu. Aka hura da busasshiyar kaba da kashin shanu da Fulani suka bari. Aka jawo jirgi guda aka jingine shi ta gefen da iska ta ke busowa, aka ƙara da kaba ya zama kariya. 'Yar tukunyar nan ta tafasa ruwa, Baba ya zuba ganyen shayi da sukari. Da muka ga yaron yana iya riƙe kofi ya haɗiya da kansa, muka ba shi kaɗan kaɗan. Da a ce ya suma, ba za mu ɗura masa kome ba, don kada ya shaƙe.

Bayan wajen sa'a guda muka sake tambayarsa bakwai sau takwas. Ya ce, "Hamsin da shida mana, Malam. Yunwa na ke ji." Ba mu taɓa jin amsar lissafi mai daɗin wannan ba.

Yaƙin da ke cikin zuciya

Mun zaci da yaron ya farfaɗo wahala ta ƙare. Ashe rabin yaƙin ne. Daren Disamba dogo ne, tsoro kuwa ya kan jira sai aiki ya ƙare ya shigo.

Mu malamai ya fara kamawa. Muka koma gefe muna magana da Turanci ƙasa ƙasa, kowa yana tuna wa ɗan'uwansa wanda ya fara roƙon rabin sa'a, muna tunanin abin da za mu faɗa wa iyaye. Baba ba ya jin Turanci, amma ya gane. Ya matso ya ce, "Malamai, yaran nan ba sa kallon duhu, fuskarku su ke kallo. Shari'ar wa ya yi laifi ku ajiye ta sai gobe a gida." Muka ji kunya ƙwarai.

Muka tara yara muka faɗa musu gaskiya. Muka ce hanya ta ɓace, laifinmu ne, za mu kwana a nan, za a ji sanyi da yunwa, amma muna da wuta da ruwa, mai unguwa kuma ya san inda muka nufa. Ba mu ce musu yanzu yanzu za a zo ba, gama alkawarin da bai cika ba ya fi duhu karya zuciya. Muka yi addu'a tare, Baba da ɗansa suka yi sallarsu a gefe, sa'an nan muka raba aiki.

Aka juye guzurin kowa a wuri ɗaya: ƙuliƙuli, da ragowar gurasa, da dabino kaɗan, da garin rogo. Aka kasa uku, na dare, na tsakar dare, na asuba. Wayoyin hannu uku ne gare mu, ba sabis. Muka kashe biyu muka sa cikin riga, domin sanyi yana cin batir, muka rubuta saƙon tes a ta ukun muka bar shi ko zai sami tafiya. Muka raba daren sa'a bibbiyu, kowane rabo babba ɗaya da yara biyu: ɗaya ya kula da wuta, ɗaya ya riƙa duba ƙanensu, yana tashinsa ya yi masa magana. Mun lura yaron da ke da aiki a hannu ba ya kuka. Wanda aka ce masa dare sa'a goma sha biyu ne sai ya karai, amma wanda aka ce masa ya riƙe wuta sa'a biyu kawai, ya kan iya.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka hango wani haske can nesa. Babban yaronmu ya tashi a firgice ya ce gari ne, shi zai bi ta ruwa ya kira mutane. Numfashinsa yana fita da sauri, idonsa ya fito. Baba ya ce wannan wutar daji ce, tsakaninmu da ita kuwa akwai ruwa mai zurfi da laka mai riƙe ƙafa. Ɗayanmu ya riƙe hannun yaron ya zaunar da shi, ya ce su ja numfashi tare, su ƙirga huɗu, su sake shi a hankali. Suka yi ta yi har jikinsa ya daina rawa. Sa'an nan aka ba shi usur ɗin wasan ƙwallo da ke aljihun ɗayanmu, aka ce aikinsa ne ya busa sau uku, ya dakata ya saurara, kowane rabin sa'a. Busa uku alama ce ta neman taimako a ƙasashe da yawa.

Sauran daren muka cika shi da hira. Aka yi waƙoƙi, aka yi kacici-kacici, Baba ya ba da labarin gaiwa, kifin da ya kan binne kansa cikin laka in ruwa ya ƙafe, ya jira har damina ta komo. Mu kuma muka ba su labarin yara 12 'yan ƙwallo da mai koyar da su, waɗanda ruwa ya rufe cikin kogo a ƙasar Tailan a 2018. Sun yi kwana tara cikin duhu kafin a gan su. Mai koyar da su ya sa su zauna wuri ɗaya su natsu, kada su ɓata ƙarfinsu, aka kuwa fitar da su duka da rai. Muka gaya musu kuma masu wasan ƙanƙara a Turai da Amurka abin da a ke fara koya musu ke nan in sun ɓata: ka tsaya, ka yi tunani, ka duba abin da ke kewaye da kai, sa'an nan ka shirya abin yi. Wani yaro ya ce, "Ashe Baba ya yi makarantarsu." Aka yi dariya, dariyar nan kuwa ta yi mana amfani kamar wuta.

Gari ya waye

Da asuba iska ta kwanta. Sai muka ji kiran salla daga lasifika, siriri, yana zuwa ta bayanmu. Baba ya nuna wajen da hannu ya ce ƙauyen ke nan. Lungun da muka so a ƙara gwadawa da magariba, gaba ya ke yi da mu, cikin fadama.

Ba a jima ba muka ji ana buga gora ana kira. Yaronmu ya busa usur da iyakar ƙarfinsa. Jirage uku suka ɓullo daga cikin kacala. Mai unguwa ya ga ba mu komo ba, ya tara masunta tun dare, amma ya hana su shiga sai gari ya waye, don kada masu nema su ma su zama abin nema. Sun san inda za su duba domin mun faɗi inda za mu. Tsakanin tudun da ƙauyen bai kai tafiyar rabin sa'a ba.

Matan ƙauyen suka kawo mana kunu mai zafi, ba su karɓi ko kwabo ba. Muka kai yaron asibiti a Haɗeja aka duba shi, aka ce ba kome. Saƙon tes ɗinmu kuwa sai a kan hanya ya tafi. Da muka isa gida muka bi iyaye gida gida muka faɗa musu abin da ya faru, ba mu rage kome ba. Mahaifiyar yaron ta saurara har muka gama, ta ce, "Malam, da kun ɓoye mini, da ban ƙara ba ku ɗana ba."

Ga iyaye da samari

Rigakafi ya fi magani. Ko farauta za a fita, ko su, ko yawon makaranta, ga abin da muka koya:

1. Ku faɗa wa wani babba inda za ku, ku nawa ne, da lokacin komowa. In baƙon wuri ne, ku fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa.

2. Ku ɗauki ɗan gari, in ya ce a juya, a juya. Ku yanka lokacin komowa tun a gida, kada wasa ya ɗaga shi.

3. Ko da rana ta yi zafi, kowa ya tafi da rigar sanyi da hula da busassun tufafi cikin leda. A haɗa da ashana, da tocila, da usur, da 'yar tukunya, da sukari, da guzuri fiye da na yini.

4. Kada a cika jirgi fiye da kima, kada a shiga ruwa da dare, kada kowa ya miƙe tsaye a ciki. Inda a ke samun rigar ceto, a sa ta. In wani ya faɗa, a miƙa masa sanda ko igiya.

5. Wanda ya jiƙe a canja masa kaya nan da nan, kada a jira sai an isa.

6. In hanya ta ɓace, ku tsaya tun da sauran haske, ku zauna tare, kada a aiki kowa shi kaɗai.

7. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ita ma sai inda akwai sabis. Kada ku dogara ga waya kaɗai.

8. Kada a ba wanda sanyi ya kama barasa, tana ƙara fitar da zafin jiki ne. A gida kuma kada a kwana da garwashin gawayi cikin rufaffen ɗaki, gama yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Ba mu ba da wannan labari domin a hana yara fita ba. Fadamar Haɗeja wuri ne da ya kamata kowane yaron ƙasar nan ya gani da idonsa, tsuntsayen nan kuwa suna nan har wajen watan Maris kafin su koma. Yaranmu shida duka sun ce za su sake zuwa, iyayensu kuma sun yarda. Mun riga mun aika wa Baba da sabon bargo da gwangwanin shayi. Ya aiko da amsa cewa yana jiranmu baɗi in Allah ya kai mu, amma da sharaɗi guda: agogo a hannunsa zai zauna.